Kilabiye mai rashin daɗin dannawa: yadda za ka gano cutar ka gyara ta da hannunka

Assalamu alaikum ƴan uwa. Tun ranar da na gyara ma wani abokin aikina kilabiye ɗinshi a biro nan Yamai ban sake hutawa ba, wanga ya tare ni ya ce nashi in ya danna kamar yana taka rairayi, wancan ya ce dogon maɓallin ƙasa yana kwaramniya kamar tsohuwar taksi a kan hanyar jar ƙasa, har wani ƙanena ya kiro ni daga Tawa wai shi harahi ɗaya yake dannawa biyu su hito. Na gaji da maimaita bayani ɗaya bayan ɗaya shi ya sa na ce bari in rubuta shi gaba ɗaya. Ƴan uwanmu na Najeriya kibod suke cewa, abu ɗaya ne.

Abin da nake so ka riƙe tun daga nan, kada ka sayi komi kuma kada ka ɗiga mai ko ɗigo ɗaya sai ka gano mi ke damun abin. Mahi yawan waɗanda aka kawo mini ƙura ce kawai da wayar dogon maɓalli, amma mutum ya riga ya hesa mishi man kwance kusa ya maida ƙaramar cuta babba.

1. Fara sanin wane iri ke hannunka

Cire kabul daga kwamfuta, in marar waya ne kashe shi ka hidda batiri in ana hiddawa. Zaɓi maɓallin harahi ɗaya na gehe, ka ɗaga hularshi sama a miƙe, ka leƙa.

In ka ga ɗan tulluwar roba mai laushi a ƙasa, tau naka na roba ne, irin wanda ya cika birori da siber. Shi wanga ba ya da suwic ɗaya ɗaya, wato ɗan makunni a ƙarƙashin kowane maɓalli, shimhiɗar roba guda ce a ƙarƙashin dukkan maɓallan, wanki da share ƙura kawai za ka iya yi mishi, in robar ta mutu ta mutu, sabo ya hi sauƙi. In kuma ka ga ɗan turke mai launi da alamar + a kanshi yana zaune cikin ɗan gida na roba mai ƙarhi, wannan shi ne mekanik, kowane maɓalli da suwic ɗinshi da rasor ɗinshi, wato ƴar murɗaɗɗiyar wayar da ke maido shi sama, kuma kanshi bayanin nan ya hi tsayawa.

Hattara: hitilu masu launi ba su ne shaida ba. Akwai da yawa da ake saidawa da sunan na ƴan wasan gem, suna walƙiya ja da kore, amma ciki roba ce zalla. Ka ce ma mai shago ya cire hula ɗaya a gabanka.

Hattara ta biyu: in na jikin kwamfutar hannu ne kada ka ɓamɓare maɓalli da wuƙa. Ƙarƙashinshi wasu siraran robobi ne masu kama da almakashi, haƙoransu ba su kai ƙwayar gero ba, in ɗaya ya karye sai ka yi ta yawon kasuwar Katako neman matacciyar kwamfuta irin taka. Buroshi da iska kawai.

Launin turken yana gaya maka halin suwic ɗin, bisa tsarin kamfanin Cherry na Jamus wanda Gateron da Kailh da Outemu na Sin suka bi. Ja yana sauka sumul ba tuntuɓe, nauyin dannawa wajen giram 45. Baƙi shi ma sumul ne amma ya hi tauri, wajen giram 60. Ruwan ƙasa yana da ɗan tudu a tsakiyar hanya da yatsa ke ji. Shuɗi yana da tudun kuma yana ƙara ƙas ƙas da gangan. Duka suna sauka wajen milimita 4, harahin kuma yana hita tun wajen milimita 2, ke nan ba dole sai ka buga har ƙasa ba. Riƙe launin naka don a mataki na 7 zai yi amfani sosai.

2. Saurara ka gano cutar

Wanga matakin shi mutane ke tsallakewa kuma shi ne rabin aikin. Kashe fanka, kashe rediyo, samu takarda da bik. Danna kowane maɓalli a hankali sosai, sau ɗaya a tsakiya, sau ɗaya a kusurwa, kunnenka kusa.

In ka ji ƙaiƙayi ko ƙarsa ƙarsa kamar akwai yashi, ko dai ƙura ta shiga ko turken ne ke gogar bangon gidanshi a bushe. In duka maɓallan haka suke tun yana sabo, bushewa ce. In wasu ne kawai, musamman na gehen taga, ƙura ce.

In ka saki maɓalli ka ji wani siririn ƙara yana bin baya, tinnn, kamar an taɓa tsirkiyar gurmi, rasor ne ke rawa.

In kwaramniyar a dogayen maɓallai take kawai, wato na tazara da Shift da Enter da na gogewa, suwic bai da laihi ko kaɗan. Akwai wata waya ta ƙarhe a ƙarƙashinsu da ke hana su karkacewa, masu harkar na ce mata sitab, ita ke bugun roba. Je kai tsaye mataki na 8 bayan wanki.

In maɓalli na nauyin dawowa ko yana manne, tambayi kanka gaskiya ko shayi ya taɓa zuba. Sukari ne. Ko bisap, ko lemu, duk ɗaya.

In harahi na hitowa biyu ko wani lokaci ya ƙi hita, datti ne a kan ɗan ganyen ƙarhen da ke haɗa wuta a cikin suwic, ko ganyen ya gaji.

In kuma ba ƙara ba ƙaiƙayi amma yatsunka na gajiya, ko kullum kana danna abin da ba ka yi niyya ba, tau suwic ɗin lahiyarshi lau, nauyinshi ne bai dace da hannunka ba. Wanga mai ba ya maganinshi, sai canji, yana mataki na 10.

Abubuwa biyu da ba su cin ko dala, gwada su kahin ka ci gaba. Ninke tawul ka ɗora kilabiyen a kai ka sake rubutu, sau da yawa teburin ƙarhe ko na siririn katako ne ke ƙara ƙarar kamar ganga. Sannan in matsalar jinkiri ce, ka danna sai an ɗan jima harahi ya hito, duba cikin saitin Windows, akwai wani abu da a na Faransanci aka rubuta Touches filtres, yana kunna kanshi in aka riƙe Shift na dama daƙiƙa 8, yara na yawan kunna shi ba su sani ba. Na taɓa kwance kilabiye gaba ɗaya a banza saboda shi, har yanzu in na tuna sai in ji haushin kaina.

3. Haɗa kayan aiki

Na wanki duk suna gida ko bakin titi: kwano, sabulun wanke kwanoni na ruwa, tsohon buroshin haƙori, sabon panso na penti mai laushi, auduga ta kunne, tsumma marar gashi, ƙaramin turnabis, da hantsaki. Sai alkol irin na masu gyaran salula, isopropil, kashi 90 ko sama. Je wurin mai gyara da ƴar kwalbarka ya ɗiba maka, ko a Katako ko wajen Babbar kasuwa ba ka rasa su. Na farmasi mai kashi 70 ruwa ya yi mishi yawa, yana jinkirin bushewa.

Hattara: kada ka yarda a ba ka dilwan na penti ko asiton ko man goge farce. Yawancin huluna da robar ABS aka yi su, asiton na narka ta nan take, ta yi fari ta yi danƙo. Esansi ma a'a.

Abin cire hula na waya da abin cire suwic sau da yawa suna zuwa cikin kwalin kilabiyen, duba kahin ka jefar. In babu, lanƙwasa wayoyi biyu na maƙale takarda su zama ƙugiya, suna cire hula lahiya lau. Abin buɗe suwic yana da daɗin aiki amma hantsaki ko siririn turnabis na yi.

Mai shi ne wahalar. Wanda aka sani a harkar shi ne Krytox 205g0 don masu sauka sumul, da Tribosys 3203 ko 3204 don masu tudu, da Krytox 105 mai ruwa ruwa don rasor. Ni dai ban tsaya neman su a kasuwa ba, wani mai zuwa daga waje na ba saƙo, kwalbar giram 5 ta tsaya mini wajen jika shida, kuma ta isa kilabiye biyu har ukku in ba ka yi almubazzaranci ba. Ku haɗu ku ukku ku sayi ɗaya. In a kuɗɗin Turai ka ga farashi lissahin mai sauƙi ne, yuro ɗaya sefa 656 ne kusan kuma ba ya motsi, sai ka ƙara kuɗɗin kawowa wanda wani lokaci ya hi kayan kansu. Na wayar sitab kuwa giris na silikon mai kauri, irin wanda wutar lantarki ba ta bi ta cikinshi, ya wadatar, tambayi masu wutar mota ko masu saida kayan famfo. Sai ɗan panso siriri irin na masu zane, lamba 0 ko 00.

Hattara babba: ba WD-40, ba man keken ɗinki, ba baki na mota, ba basilin, balle man gyaɗa. Kar ka yi dariya, na ga wanda ya sa. Masu ruwa suna gangarawa har kan ganyen wuta, basilin zahin watan Afrilu na narkar da shi ya bi ko'ina, man girki kuma yana daskarewa ya yi danƙo da wari. Kuma dukkansu tarkon ƙura ne.

4. Ɗauki hoto, cire huluna, wanke

Hoto tukuna. Namu yawanci AZERTY ne, wasu QWERTY ne da suka shigo ta Najeriya ko Dubai, kuma ko ka haddace wurin haruffa ba ka haddace na ƙananan alamomi ba. Ban da haka layukan ba tsawonsu ɗaya ba, hular layin sama da ta layin ƙasa karkatarsu daban.

Ja kowace hula sama a miƙe kana ɗan girgizawa, kada ka murɗa. Dogayen ka bar su ƙarshe, ka ɗaga su daga gehe biyu a tare a hankali, wasu tsoffin wayar sitab ɗin a jikin hular take maƙale, in ka fizga sai ƙugiyar ta karye.

Zuba su a ruwa mai ɗumi kaɗan, wanda hannu ke jurewa ba tare da jin komi ba, da ɗan sabulu, bar su minti 30 zuwa awa ɗaya, goge da buroshi, ɗauraye.

Hattara: ba ruwan zahi ba, kuma kada ka shanya a rana. Ranar Yamai ta tsakar rana na iya lanƙwasa dogon maɓallin tazara ya zama kamar baka, in ya lanƙwashe kuma kwaramniya ta zauna ke nan. Baza su a inuwa cikin ɗaki bakinsu na kallon ƙasa, su kwana. Ramin + ɗin nan yana ɓoye ruwa, ka hura shi kahin ka maida.

5. Hidda ƙura

Kihe kilabiyen ka ɗan bubbuga bayanshi. Abin da zai zubo zai ba ka kunya, gashi, ɓawon gyaɗa, garin biredi, da jar ƙurar hunturu. Bi tsakanin layuka da panso a bushe, sannan auduga da ɗan alkol inda ya yi danƙo. In kana da ƴar robar hura iska ta masu gyaran salula yi amfani da ita. Kada ka kai wurin masu facin taya su hura maka da kwampuresa, iskar ta yi ƙarhi kuma tana iya hitowa da ruwa da mai.

Ga maɓallin da ke manne ko mai hidda harahi biyu, danna turken ƙasa, ɗiga alkol ɗigo biyu ko ukku ta gehenshi, yi ta dannawa da sauri sau 40 ko 50, bar shi ya bushe aƙalla awa ɗaya kahin ka sa wuta. In sukari ne sosai sai ka maimaita sau biyu ko ukku, don alkol ba ya narkar da sukari da sauri kamar ruwa, kuma in ya ƙi sai an buɗe an wanke gidan.

Yanzu tsaya. Maida huluna ka yi rubutu na kwana ɗaya cur. Wallahi da yawa a nan aikinsu ke ƙarewa, kuma in ya yi maka daɗi haka kada ka ci gaba don kawai ka ga wasu na yi.

6. Cire suwic

Nan hanya ta rabu biyu. Wasu kilabiye suwic ɗinsu tsoma shi kawai aka yi cikin soket, ana zarewa kamar fulogi, a kwalin za ka ga an rubuta hot-swap. Wasu kuma an like ƙafafunsu da dalma a jikin kart, wato allon wutar da ke cikin kilabiyen. In ba ka da tabbas kwance bis ɗin baya ka duba, in ka ga ƴan baƙaƙen robobi a bayan kowane suwic soket ne, in ɗigon dalma biyu masu sheƙi ka gani tau likakke ne.

Hattara: kada ka gwada da ƙarhi don ka gani ko zai hito. In likakke ne za ka yage layin wutar kart ɗin. Kuma in za ka buɗe baya, kula da siririn kabul ɗin da ke haɗa kart da gindin, da na batiri.

Ga mai soket, kowane suwic na da ƴan kunnuwa biyu, ɗaya gaba ɗaya baya, ba hagu da dama ba. Matse su da abin cirewa ka ja sama a miƙe.

Ga likakke, shawarata ka kai ma mai gyaran salula ko rediyo da ka yarda da hannunshi, ku yi ciniki a kan duka aikin tun farko. Ka gaya mishi adadin don kada rigima ta tashi daga baya: kilabiye marar ɓangaren lambobi yana da maɓalli 87 ko 88, ƙafa biyu biyu, ɗigon dalma 174 ke nan ko sama, cikakke kuma 104 ko 105, in kowane na da ƴar hitilarshi daban aikin ya ninka. In kai za ka yi, zahi wajen digiri 350, kada ka bar bakin ƙarhen ya wuce ƴan daƙiƙu a wuri ɗaya, zuƙe dalmar sarai kahin ka ja. Kuma gaskiya in kilabiye mai arha ne likakke, sau da yawa bai cancanci wahalar ba, canza ukku ko huɗun da suka lalace kawai ka bar sauran.

7. Buɗe suwic ka shafa mai

Ruhe taga, kashe fanka, shimhiɗa farin ƙyalle ko babban tire. Kada ka yi wanga aikin a tsakar gida ko ranar da hazo ya taso, don mai a buɗe da ƙura a iska kamar ka shanya kilishi ne a bakin hanya. Da sahe ko da dare ya hi.

Suwic na da sassa huɗu: murhi, turke, rasor, da gindi mai ɗauke da ganyen ƙarhe. Irin na Cherry da Gateron ƙugiyoyi huɗu ke riƙe murhin, biyu kowane gehe, irin na Kailh da Outemu da yawa kuma manyan kunnuwa biyu ne. Ɗaga gehe ɗaya ka sa farce ya riƙe, ɗaga ɗayan. Yi shi cikin tire don rasor in ya yi tsalle ya faɗa ƙasa sai dai haƙuri.

Fara da guda ɗaya tak. Gama shi, ruhe, gwada shi da wanda ba ka taɓa ba. In ka ji bambancin ya yi maka sannan ka ci gaba.

Yawan mai shi ne inda kowa ke faɗuwa. Taɓa bakin panso cikin man, goge shi a bakin kwalba har ka ga kamar babu komi, abin da ya rage shi ne daidai. Wurin da ka shafa ya yi ɗan sheƙi kawai, in kana ganin farin mai da ido ya yi yawa, kwashe. Waɗanda ke nuna aikin a bidiyo daga Turai da Amurka suna iya cikawa su kwana lahiya, mu nan in ka cika, wata biyu na hunturu ya isa ya maida shi taɓo, maɓalli ya koma nauyi kamar ana danna tuwo.

A gindi, shafa hanyoyi biyu na gehe inda turke ke zamewa, sau ɗaya ɗaya, da ɗan kaɗan a kewayen bututun tsakiya. Kada ka taɓa ganyen ƙarhe, ko da panso ko da yatsa, in ya lanƙwashe suwic ya tashi aiki.

A turke, riƙe shi da hantsaki ta wajen +, shafa gehe biyu masu shiga hanyoyin, da gaba da baya sama sama.

Ga inda launi ya shigo. In ja ne ko baƙi, kana iya shafa har ƴan ƙafafu biyun turken da ke gogar ganye. In ruwan ƙasa ne bar ƙafafun nan a bushe, su ne tudun, in ka shahe su tudun ya ɓace ka koma da abin da ba ja ba ba ruwan ƙasa ba. In shuɗi ne kuwa kada ka shafa ma turken komi, akwai ƴar farar riga da ke zamewa a jikinshi ita ke yin ƙas ɗin, mai na kashe ta, wasu su yi ƙara wasu su yi shiru, abin ya hi da muni. Rasor kawai za ka taɓa.

Rasor kuwa kada ka wahalar da kanka ɗaya ɗaya. Zuba su duka cikin ƴar leda mai tsabta, ɗiga mai ruwa ruwan nan ɗigo kaɗan, hura iska ka ɗaure baki, girgiza minti biyu. Za su sarƙe da juna, murɗa su a hankali suke rabuwa, kada ka ja. In ba ka da mai ruwan, ɗan shafa na kaurin a bakin rasor sama da ƙasa, yana kashe tinnn ɗin.

Wajen ruhewa, ƙafahun turke su kalli ganyen ƙarhe. In murhi ya ƙi zama kada ka matsa, ka juya wani abu ne. Danna kowane a hannu kahin ka aje.

Lokaci: da farko minti 3 ko 4 kowane ɗaya, ke nan 87 zai ci maka awa huɗu da ɗori zuwa kusan shida. Raba shi kwana biyu, kuma in kana sauri yi na haruffa da na tazara kawai, wa ke danna F9 kullum.

8. Wayar dogayen maɓallai

In da za a ce in zaɓi gyara ɗaya tak ban da wanki, wanga zan zaɓa, minti 20 ne kuma shi kunne ya hi ji. Ko a likakken kilabiye ana yinshi ba tare da an cire suwic ba.

Cire dogon maɓallin, za ka ga ƴan turaku biyu hagu da dama na suwic. Ɗaga kowane da hantsaki, ka ga inda bakin wayar ya shiga cikinshi, tura giris ɗin silikon a ramin da tsinken sakace ko sirinji marar allura. Sa kuma inda wayar ke kwance cikin maƙalinta. A nan an yarda ka ɗan sa da kauri, amma in maɓallin ya fara jinkirin dawowa ka wuce gona da iri, rage da auduga.

In ka iya hidda wayar, ɗora ta a kan gilashin salula ka taɓa kowane baki. In ɗaya na ɗagawa yana ƙwanƙwasa gilashin tau a karkace take, murɗa ta kaɗan kaɗan har ta kwanta. Karkatacciyar waya ko ka zuba mata giris kwalba guda ba ta yin shiru. In kuma gidan sitab ɗin ne ke rawa a jikin farantin ƙarhe, ɗan yanki na filasta ta ciwo a ƙarƙashin bakinshi na tsaida shi.

9. Maida komi ka gwada

Duba ƙafahun ƙarhe biyu na kowane suwic, su miƙe sak, in ɗaya ta karkace gyara da hantsaki. Daidaita su da ramukan, danna a miƙe har ka ji ƙas. In ya yi gardama zare ka duba, kada ka sa ƙarhi.

Hattara: soket ɗin a bayan kart aka like shi da ƴar dalma kaɗan, in ƙafa ta karkace ka danna da ƙarhi sai ta ture shi ya ɓalle. In bayan a buɗe yake tallabe soket ɗin da yatsa lokacin da kake dannawa.

Kahin ka maida huluna, sa kabul, buɗe wurin rubutu ka danna kowane ɗaya. Wanda bai hito ba kusan kullum ƙafa ce ta lanƙwashe a ciki, zare, miƙe, maida. Shift da Ctrl da Alt ba su rubuta komi su kaɗai, gwada su haɗe da wani harahi.

10. In har yanzu bai yi maka ba

Tau nauyin ne ko irin suwic ɗin bai dace da kai ba, kuma ba abin kunya ba ne. Ni kaina shuɗi na fara saye don ƙararshi ta burge ni a shago, sati biyu mutanen biro suka fara yi mini kallon banza, uwargida kuma ta ce in dai da dare ne sai dai in koma zaure.

Hanya mahi arha ita ce canza rasor kawai, ana saida su leda guda da nauyi a rubuce. Mai yawan kuskure don laushi ya hau sama, mai gajiyar yatsu ya sauko. In suwic za ka canza kada ka sayi 90 a karon farko, sayi kaɗan daga iri biyu ko ukku ka sa su a haruffan da ka hi dannawa, A da E da S da N, ka yi kwana ukku da su. Lokacin da na sayi nawa na Gateron na talakawa kowane ya kama wajen dala talatin zuwa arba'in kahin kuɗɗin kawowa, na Cherry ya kusa ninka haka. Mai aiki cikin mutane ya nemi waɗanda aka rubuta ma Silent, suna da ƴar roba a jikin turke da ke shanye bugun.

Hattara wajen saye, abu ukku. Wasu suwic ƙafa 5 gare su, wasu 3, in kart ɗinka ramin 3 ne yanke ƙananan ƙafahun roba biyu na gehe da abin yanke farce, ba na ƙarhe ba. Wasu kilabiye masu arha soket ɗinsu na Outemu ne mai ƙunci, ƙafahun Gateron da Cherry sun yi mishi kauri. Sannan suwic masu aiki da haske a madadin ganyen ƙarhe da gajeru na sirarran kilabiye ba su shiga wurin na yau da kullum sam.

In ƙarar kwanko ce ta rage, kamar ana buga gwangwani, yanka siririn soso ka shimhiɗa cikin gindin akwatin, kada ya yi kaurin da zai tura kart sama. Wasu na manna sikoc na takarda na masu penti layi biyu a bayan kart, yana canza ƙarar, amma in akwai batiri a ciki ka bar wanga da soson duka, da zahinmu ba a wasa da batiri. Ƴan zoben roba da ake sa ma huluna suna rage bugu amma suna sa maɓalli ya yi laushin da ni ban so, gwada a ɗaya tukuna.

11. Bayan gyara

Samu ƙyalle ko tsohon kallabi ka riƙa ruhe shi duk lokacin da ka tashi, ko sallah za ka je. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu bi shi da panso sau ɗaya a sati, sauran watanni sau ɗaya a wata ya isa. Kofin shayi ya koma ɗayan gehen tebur. Suwic huɗu ko biyar da suka rage maka da abin cirewa ka ƙulle su a leda ka manna a cikin aljihun tebur, don ranar da E za ta fara hitowa biyu minti ɗaya ne ka zare ka sa wata.